Rumbun da ba a ƙara masa hatsi: magana kan shekaru da haihuwa

Na gode da kuka bar hidimominku kuka zo, har da samarin da na ga sun baro shayinsu a fada. Kada ku tashi, maganar ta shafe ku fiye da yadda kuke tsammani.

Ni sajifam ce. Shekarata 19 ina karɓar haihuwa, daga ƙaramin gidan likita na ƙauye har zuwa matanite ta cikin gari. Hannuwan nan da kuke gani sun karɓi jariran da ban san iyakarsu ba, wasu ma yanzu sun yi aure. A cikinsu duka babu nawa ko ɗaya. Shekaruna 44, shekarar aurena 16, ban haihu ba. Na faɗi haka tun farko don ku san wadda ke muku magana ta karanta abin a takarda kuma ta ɗanɗana shi a jikinta.

Ƙasarmu an san ta a duniya da yawan haihuwa. Binciken ƙasa na 2012 ya ce mace guda a Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7,6 a tsakaici, na 2021 ya ce 6,2. Shi ya sa in aka zo maganar lafiyar mata, kullum sai batun tazarar haihuwa. Wadda ba ta samu ba kau babu mai tuna ta, sai ranar suna in an ga ta zauna can gefe tana wanke kwanoni. Amma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma ƙasashen masu kuɗi da na talakawa kusan duk ɗaya ne. Ku dubi layin da kuke zaune, ku ƙirga mutum shida. Ƴar Damagaram, Aïcha Macky, ta yi fim a kan wanga ciwo a 2016, L'Arbre sans fruit, wato icen da ba ya ƴaƴa. Wanda bai gani ba ya nema ya gani.

Abin da na zo da shi yau guda ne: lokaci. Akwai abin da shekaru ke yi a jikin mace wanda kuɗi ba ya gyarawa, kuma yawancinmu ba mu sani ba sai an makara.

Bari in fara da rumbu, tunda dukanmu jikokin manoma ne. Mace tana da gidajen ƙwai biyu a gefen mahaifa, dama da hagu. Duk ƙwan da za ta yi amfani da shi a rayuwarta, tun tana cikin uwarta aka zuba mata shi. Sadda cikin ya kai wata biyar, ɗiyar da ke ciki tana da ƙwai wajen miliyan 6 zuwa 7. Ranar da aka haife ta sun koma miliyan 1 zuwa 2. Sadda ta fara al'ada, saura kamar dubu 300 zuwa dubu 500. Wajen shekara 37, kamar dubu 25. In al'ada ta zo ɗaukewa, wajen shekara 50, abin da ya rage bai wuce dubu guda ba. A duk tsawon wannan, waɗanda suka nuna har suka fito, ɗaya kowane wata, ba su fi 400 zuwa 500 ba. Sauran narkewa suke yi a hankali, ko mace tana da aure ko ba ta da shi, ko tana da ciki ko tana shayarwa. Rumbu ne da aka cika sau guda, kullum ana ɗiba, babu kakar da za a ƙara masa.

Namiji ba haka yake ba. Shi jikinsa yana ƙera sabon iri kullum, kowane zubi yana ɗaukar wajen wata biyu da rabi kafin ya nuna. Shi ma shekaru suna rage masa ƙarfi, amma sannu a hankali. Shi ya sa za ku ga tsoho mai furfura ana masa barka. Wannan bambancin ne ke sa miji ya ce "mene ne na gaggawa?", da zuciya ɗaya yake faɗi, don agogon da ke gudu ba a jikinsa yake ba.

To, ta yaya ake leƙa cikin rumbun? Nan ne maganar AMH ta shigo. Wasunku sun ga haruffan nan uku a Facebook ko TikTok, wasu sun gan su a takardar labo. AMH wani sinadari ne, homon, da ƙananan jakunkunan da ƙwai ke kwance ciki suke zubawa cikin jini. In jakunkunan suna da yawa, AMH ya yi sama. In sun ragu, ya yi ƙasa. Wani masani Bafaranshe, Alfred Jost, shi ya fara gano alamarsa a 1947, can wajen binciken yadda ɗan tayi ke zama namiji ko mace. Sai daga baya sosai aka gane yana iya nuna yawan ƙwan da ya rage wa mace. Yana kai ƙololuwarsa wajen shekara 25, daga nan ya kama gangara, har ya ɓace daga jini ƴan shekaru kafin al'ada ta ɗauke. Sauƙinsa shi ne jini kawai ake ɗiba, kuma kusan kowace rana ta wata ana iya yi.

In kin karɓi takardarki, ki fara duba ma'aunin da aka rubuta a gefen lambar. Wasu labo suna rubuta ng/ml, wasu pmol/l, kuma 1 na farkon ya yi daidai da wajen 7 na biyun. Na taɓa ganin yarinya tana kuka da takarda a hannu don ta kwatanta lambarta da ta ƙawarta, alhali ma'aunin ba ɗaya ba ne. A ma'aunin ng/ml, in lambar ta gaza wajen 1, lokotoro zai ce rumbun ya yi ƙasa. Kuma ba a yanke hukunci da shi kaɗai. Ana haɗawa da ekografi, a ƙirga ƙananan jakunkunan da ido, waɗanda girmansu ke tsakanin milimita 2 zuwa 10. Ana kuma auna wani homon, FSH, a rana ta biyu zuwa ta huɗu da fara al'ada. Shi FSH kira ne da ƙwaƙwalwa ke aika wa gidan ƙwai. In gidan ƙwan ya fara nauyin ji, sai ƙwaƙwalwa ta ɗaga murya, sai a ga FSH ya hau.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne ake cutar mutane. AMH yana faɗin yawa. Ba ya faɗin kyau. Kuma ba ya cewa za ki haihu ko ba za ki haihu ba. A Amurka an bi mata 750 masu shekara 30 zuwa 44, waɗanda suka fara neman ciki kuma ba a san su da wata matsala ba. Sakamakon ya fito a mujallar likitoci ta JAMA a 2017: masu ƙaramin AMH sun sami ciki kamar yadda sauran suka samu. Dalili a fili yake. Kowane wata ƙwai ɗaya jiki ke buƙata. Ko dami goma ne a rumbu ko dami ɗari, tuwon yau zai samu. Don haka yarinya mai shekara 26 da aka ce AMH ɗinta ya yi ƙasa, kada ta ɗauka an rufe mata ƙofa. Abin da takardar ke gaya mata shi ne kada ta yi ta ɗage lamarin shekara bayan shekara. Haka nan mai lamba ta sama kada ta yi guɗa tukuna. Akwai wata lalura da ake rubutawa SOPK, mai sa jakunkuna su taru da yawa amma ƙwan ya ƙi fita. Alamunta su ne al'ada mai tsallake watanni, ƙuraje, gashi a haɓa, wani lokaci ƙiba. Masu ita AMH ɗinsu a sama yake, kuma suna shan wuyar samun ciki, sai dai tasu tana jin magani.

Kyawun ƙwai kau shekaru ne ke yanke shi. Kowane manomi ya san irin da ya daɗe a ajiye ba duka yake tsira ba. Jikin ɗan Adam yana da wasu zarurruka na gado guda 46 a kowace ƙwayar halitta, ana ce musu kuromozom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Ƙwan mace yana fara rabon zarurrukan nan tun tana cikin ciki, sai ya tsaya a tsakiya, ya jira watan da zai fito kafin ya ƙarasa. Ƙwan da ya fito a shekara 25 ya yi jiran shekara 25. Wanda ya fito a 41 ya yi jiran 41, abin da ke riƙe zarurrukan ya saki, sai rabon ya zo da kuskure: 22 ko 24 maimakon 23. Irin wannan ƙwai, ko dai cikin ya ƙi shiga, ko ya shiga ya zube. A wajen shekara 30, kusan ɗan tayi 1 cikin 3 ke zuwa da wannan kuskure. A 40 sun haura rabi. Bayan 43 mafi yawansu ne. A ƙasar Nowe an duba ciki fiye da dubu 400: ɓari ya fi ƙaranci tsakanin shekara 25 da 29, kashi 10 cikin 100, amma daga 45 zuwa sama ya haura kashi 50.

Ke nan in aka kawo mini mata biyu, ɗaya shekararta 29 da ƙaramin AMH, ɗaya 42 da AMH mai kyau, ta farkon ta fi dama nesa ba kusa ba. Hatsinta kaɗan ne amma sabo ne.

Duk wannan da nake zuba muku, a littafi na san wani abu daga ciki tun ina makaranta. Amma ga yadda na yi da kaina. Na yi aure ina da 28. Shekara ta farko shiru, aka ce amarya ce, hutawa take. Ta biyu, uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ta fara kawo mini jiƙo da sassaƙe, kuma don ƙauna take yi. Ta uku na fara shan rubutu da hayaƙi. Wata abokiyar aiki ta ce in sha ƙwayar nan mai sa ƙwai ya fita, kulomifen, na saya a farmasi ba tare da an auna ni ba, na sha wata da watanni, alhali ƙa'ida ba a wuce kamar wata shida, kuma sai da sa idon lokotoro. Ni da ke gaya wa matan mutane su zo awo, kunya ta hana ni kwanciya a gadon awo a gaban abokan aikina. Kowa ya ce haƙuri, ni ma na ce haƙuri. Akwai ranar da na karɓi haihuwa huɗu a dare guda, da asuba na shiga ban ɗaki na ga jini ya zo, na wanke fuska na koma na rubuta rajista.

Sai da na kai 37 na tafi Yamai aka yi mini cikakken bincike. Shekara 9 da aure. AMH ɗina 0,6. Aka yi hoton hanyoyin ƙwai, aka tarar ta hagu a toshe. Ranar ne kuma karo na farko da aka ce wa maigidana ya ba da nasa a auna. Aka tarar nasa irin ma yana da rauni. Lokotoron ya dubi takardun, ya dube ni, ya ce: "Madam, ke da kike cikin aikin, ina kika tsaya?" Ban sami abin cewa ba. Da a shekara ta biyu muka zo, ina da 30, da labarin zai iya zama daban. Ba na ce lalle ba, Allah ne masani. Amma da mun zo da rumbu mai kauri da iri sabo.

Daga nan aka ce sai FIV, abin da ake kira dashen ciki ko haɗin kwalba. Ana yi wa mace allurai kamar kwana goma zuwa sha biyu don ƙwai da yawa su nuna a tare, a zuƙo su da allura, a haɗa da maniyyin mijinta a labo, bayan kwana uku ko biyar a mayar da ɗan tayin cikin mahaifarta. Jaririyar farko da aka samu ta haka, Louise Brown, an haife ta a Ingila ranar 25 ga Yuli 1978, kuma tun daga nan an haifi miliyoyi. A nan ne AMH ke da amfaninsa na gaske, don shi ke gaya wa lokotoro yawan allurar da zai ba ki da yawan ƙwan da zai sa rai. Mai rumbu mai kauri a samu goma ko sha biyar. Irina a samu biyu ko uku.

Mutane da yawa suna ɗauka FIV tana mayar da agogo baya. Ku ji alƙaluman Ingila na 2019, inda kayan aiki da ƙwararru ba su yi ƙaranci ba. Cikin kowane dashe 100: mata ƴan ƙasa da 35, 32 suka haihu. Masu 35 zuwa 37, 25. Masu 38 zuwa 39, 19. Masu 40 zuwa 42, 11. Masu 43 zuwa 44, 5. Kun ga ko yarinya ɗanya, sau ɗaya cikin uku ne. Na'ura tana iya tsallake toshewar hanya, tana iya ɗaukar maniyyi guda ta cusa cikin ƙwai, amma ba ta iya mayar da tsohon ƙwai sabo.

A Turai da Amurka, in mace ta manyanta, sai a karɓo ƙwan wata yarinya a dasa mata, sai damar ta koma kusan ta mai ƙwan. Wannan ma shaida ce cewa tsufan a ƙwai yake, mahaifa tana daɗewa da ƙarfinta. Amma mu nan yawancinmu ba mu da wannan hanyar. Tun 1980 babban muftin Masar, Shehu Jadul Haƙƙ, ya ba da fatawa cewa dashen ciki ya halatta in ƙwan matar ne da maniyyin mijinta kuma auren yana nan, amma shigo da na wani ko na wata bai halatta ba saboda kiyaye nasaba. Majalisun fiƙihu na duniyar Sunna sun tafi a kan haka. Ke nan ƙwanki shi ne jarinki, babu aro. Shi ya sa lokaci ya fi tsada a gare mu.

Mun sayar da fili, na ci bashi a kan albashina, muka tafi Tunis. Karo na farko ƙwai uku aka samu, ɗaya ya haɗu, aka dasa, bai kama ba. Bayan shekara guda muka sake tattara abin da ya rage muka koma. Ƙwai biyu. Ciki ya shiga. Na yi sati bakwai ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. A ekografi na gaba babu bugun zuciya. Ni da kaina na gani a allo kafin lokotoro ya buɗe baki, aikina ne. Miliyoyin sefa suka tafi. Ba na nadamar gwadawa. Shekara 9 ɗin nan na farko su nake nadama.

Samari, yanzu ku nake kallo. In aka ɗauki ma'aurata masu wannan matsala, kusan rabi akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, lafiyar irinsa daban. Mutum yana iya zama lafiyayye garau amma irin ya yi kaɗan ko ba ya motsi. Awon maniyyi shi ne mafi sauƙi da araha cikin duk binciken nan: babu allura, babu ciwo, ƴan kwanaki ne na haƙuri da iyali sannan ka ba da shi a labo. Amma sai a bar mace ta sha ɗaci shekara da shekaru, a kira ta juya, a yi mata kishiya, kishiyar ma shiru, sannan a fara tunani. A wannan tsakanin rumbunta yana ƙarewa a kan laifin da ba nata ba. Na ga matar da aka saka tana da 39 bayan shekara 15, ta yi wani auren, amma lokaci ya wuce. Wa zai biya ta? In kana son matarka, ranar da za ta awo ka riga ta shiga.

Kada kuma ku fita nan ku ce komai shekaru ne. A ƙasashenmu babban abin da ke hana mata haihuwa tun suna yara shi ne toshewar hanyoyin ƙwai saboda ciwon sanyi: cututtukan da ake ɗauka ta saduwa ba a yi maganinsu da kyau ba, ko ƙwayar cuta da ta shiga bayan haihuwa a gida ko bayan ɓari ko zubar da ciki a ɓoye. Har tsargiya da ake ɗauka a tabki tana iya taɓa mahaifa da hanyoyinta. Waɗannan ana iya kauce musu. In kin ga ruwa mai wari ko ciwon mara mai naci, ki je a duba ki, kuma a yi wa maigida magani tare da ke, in ba haka ba zai sake mayar miki. Ku bar sayen ƙwayoyi a tire a bakin tasha. Ku bar cushe-cushen kayan mata da ba ku san abin da ke ciki ba.

Ana yawan tambayata ko maganin tazarar haihuwa yana cinye ƙwai. Ba ya cinyewa, kuma ba ya adanawa. Rumbun yana raguwa yadda zai ragu ko kin sha ko ba ki sha ba. Mai shan ƙwaya AMH ɗinta yana iya nuna ƙasa kaɗan, in ta bari ya dawo, don haka ki gaya wa lokotoro kafin awo. Allurar wata uku kuma tana iya jinkirta dawowar ciki har wajen wata goma bayan ta ƙarshe, amma jinkiri ne. Abin da ke ƙone ƙwai da gaske shi ne taba, mai shanta al'adarta tana riga ɗaukewa da shekara ɗaya ko biyu, kuma kada ƴan shisha su ɗauka hayaƙinsu turare ne. Tiyata a gidan ƙwai da maganin kansa su ma suna ragewa. Akwai kuma mace 1 cikin 100 da al'adarta ke ɗaukewa kafin 40. In mahaifiyarki ko yayarki ta yi haka, ki faɗa wa lokotoro da wuri.

Akwai wata fassara da nake tsoro, gara in tare ta tun yanzu. Wani zai ce: "Kun ji ko? Sajifam ma ta ce a aurar da su da wuri." Ban ce ba. A ƙasar nan, a binciken 2012, kashi 76 cikin 100 na ƴan mata an aurar da su kafin 18, a lokacin babu inda ya kai mu a duniya. Ni na karɓi haihuwar ƴan 14 da 15. Na ga jijjiga, na ga doguwar naƙuda ta kwana uku, na ga yoyon fitsari, na rufe idon wasu da hannuna. Yarinya mai 15 rumbunta cike yake amma ƙugunta bai gama girma ba. Daga 20 zuwa 30 da ƴan kai akwai fili mai faɗi da mace za ta yi karatu, ta kama sana'a, ta yi aure, ta haihu cikin ƙarfinta. Gangarar tana fara tsanani ne daga wajen 35. Abin da nake so ɗalibar jami'a ta sani shi ne ta sa wannan cikin lissafinta kamar yadda take sa jarrabawa. Ku kuma iyaye da samari, tsadar aure da muka ɗora wa kanmu, akwatuna da kayan ɗaki na gasa, tana sa a yi shekara biyar ana tashi ba a ɗaura ba. Wannan shekarun daga rumbun yarinyar ake cire su.

Ga abin da za ku riƙe. In matar ba ta kai 35 ba, kuna tare ba tare da wani maganin tazara ba, shekara guda ta cika babu ciki, ku je asibiti ku biyu. In ta kai 35, wata shida kawai. In ta kai 40, kada ku jira komai. In al'ada ba ta zuwa daidai, ko tana zuwa da ciwo mai kayarwa, ko an taɓa yi miki aiki a ciki, ko an yi ɓari biyu, ki je tun kafin wa'adin. Ku nemi lokotoron mata, a cibiyoyin uwa da yaro na jihohi ko manyan asibitoci, har matanite Issaka Gazobi a Yamai. Ku tambayi abu huɗu: ƙwai yana fita? hanyoyin a buɗe suke? mahaifa lafiya? irin maigida fa? Da yawa matsalarsu ƙarama ce, magani na ƴan watanni ya isa, ba kowa ke kaiwa ga FIV ba. Ku adana takardunku a jaka guda. Kuma duk wanda ya ce yana da garin magani ko shayin da ke ƙara ƙwai ko ɗaga AMH, a intanet ne ko a kasuwa, kuɗinku yake so.

Haihuwa ta Allah ce, wannan ban taɓa shakka ba, kuma har gobe ina roƙo. Amma manomin da ya yarda ruwa na Allah ne ba ya zama gida ranar shuka. A yi addu'a, a je awo, rana guda. Ku da kuke da yaya ko ƙanwa ko matar wa da ta daɗe shiru, ku bar tambayarta "har yanzu?" a gidan biki. Ku same ta ita kaɗai, ku ce "in raka ki?" Ni da na sami mai ce mini haka ina da 30, da na bi ta.

Yau ina riƙon ɗiyar ƙanwata, tana aji biyar, tana ce mini Mama, kuma maigidana bai taɓa juya mini baya ba. Alhamdu lillahi, ban rasa komai na mutunci ba, kuma macen da ba ta haihu ba mace ce cikakkiya. Amma ba na son ko ɗaya cikinku ta zauna gaban lokotoro ya tambaye ta inda ta tsaya ta rasa amsa.

Na ga hannuwa sun fara tashi. Wadda ke jin nauyin tambaya a gaban mutane ta rubuta a takarda ba suna, a miƙo mini, zan amsa duka kafin magariba. Allah ya ba masu nema, ya raya waɗanda aka samu.